Borg ko Goa'uld: Wanne Ya Fi Nuna Ciwon A Ƙwace Wa Mutum Kansa?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Star Trek da Stargate wanne ya fi iya labarin baƙin halittun da ke shiga kan ɗan'adam su juya shi yadda suke so, kuma wanne ya fi nuna rigimar da hakan ke haddasawa tsakanin abokan tafiya. Ka ce ba ka da lokacin kallon duka biyu. Ni na kalle su, wasu wuraren ma fiye da sau ɗaya, to ga abin da na gani.

Salon kamun ma ya bambanta. A Star Trek: The Next Generation, wanda aka haska daga 1987 zuwa 1994, Borg taro ne mai tunani guda. In sun cafke ka sai su dasa maka ƙarafa da wayoyi a jiki, su jona ƙwaƙwalwarka da ta sauran, har ka daina cewa "ni" ka koma cewa "mu". A Stargate SG-1 kuwa, wanda ya yi zango goma daga 1997 zuwa 2007, Goa'uld wata halitta ce mai kamar maciji. Takan shiga ta wuya ta naɗe a ƙashin baya, ta karɓe jikin ɗungurungum. Idanu su yi walƙiya, murya ta yi kauri, mai jikin yana ciki yana ganin komai amma ko yatsa ba ya iya motsawa. Mu da muka tashi muna jin ana cewa an hau kan wance har muryarta ta sauya, wannan siffa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu.

A 1990 Borg suka sace Kyaftin Picard, wanda Patrick Stewart ya fito a matsayinsa, suka laƙaba masa suna Locutus, suka mai da shi bakinsu. Mataimakinsa Riker dama yana cikin takun saƙa da wata jami'a, Shelby, wadda ta fito fili tana neman kujerarsa, tana ganin ya cika taka-tsantsan. Suna tsaka da wannan sai ga fuskar maigidansa a allo, fari fat kamar gawa, jan haske na fitowa daga gefen kansa. Riker ya ba da umarnin a buɗe wuta, zango na uku ya ƙare a nan, masu kallo suka yi jira tun daga Yuni har Satumba. Makamin bai yi komai ba, domin duk abin da Picard ya sani Borg sun riga sun kwashe. Da ilimin nasa suka tarwatsa jirage 39 a yaƙin Wolf 359, aka rasa rayuka kusan 11,000.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayan an ceto shi. A kashin da ake kira Family, Picard ya koma garinsu La Barre a Faransa, gidan yayansa Robert, wanda dama ba sa ga maciji da juna. Cacar baki ta kai su ga kokawa a cikin taɓon gonar inabi. Suka zube ƙasa suna dariya, dariyar Picard ta rikiɗe ta zama kuka. Mutumin da shekara uku ba a taɓa ganin gazawarsa ba, ga shi zaune jiki duk laka, yana faɗa wa yayansa cewa sun yi kisa da shi, ya yi iya ƙoƙarinsa ya kasa hana su. Har yau ban ga wani wuri a Stargate da ya kai wannan ba. A 1993 kuma, a kashin farko na Deep Space Nine, wani shirin na Star Trek, Kwamanda Sisko, wanda matarsa Jennifer ta mutu a wancan yaƙin, ya zauna gaban Picard yana karɓar umarni, ƙiyayya a fili a idonsa. Ya san ba da son ransa Picard ya aikata ba, amma zuciya ta ƙi.

Sai dai a kashi biyu aka kama Picard aka kuma sako shi. Stargate ba ta saki da wuri haka. Tun kashin farko Apophis, ɗaya daga cikin Goa'uld ɗin da ke fakewa da sunayen gumakan tsohuwar Masar, ya ɗauke Sha're, matar Daniel Jackson, ɗaya daga cikin jaruman shirin, aka sa mata wata Goa'uld mai suna Amaunet a jiki. Shugaban dakarun da suka yi aikin shi ne Teal'c, wanda daga baya ya juya wa Apophis baya ya shiga tawagar su Daniel. Ka duba wannan zaman: kullum Daniel na fita aiki kafaɗa da kafaɗa da mutumin da ke da hannu a rabuwarsa da matarsa, ransa kuma sau da yawa a hannun wannan mutumin yake. Haka aka ja sama da zango biyu. A zango na uku Daniel ya sake iske Sha're. Amaunet ta ɗaga hannu, na'urar da ke tafinta tana ƙona masa goshi, shi kuma ya kasa harbin fuskar matarsa. Teal'c ne ya shigo ya harbe ta. Sha're ta dawo hayyacinta na ɗan lokaci kafin ta cika, Daniel kuma ya ce wa Teal'c abin da ya yi daidai ne. Riker umarni ya bayar daga nesa kuma bai samu ba. Teal'c da hannunsa ya yi, a gaban mijin, kuma ya samu.

Stargate ta kuma tono tambayar da Star Trek ta wuce da sauri: jikin na waye? Goa'uld na iƙirarin cewa babu abin da ke saura na mai jiki. A kashin Pretense har kotu aka zauna a kan jikin Skaara, ƙanin Sha're, shi yana magana, Klorel da ke cikinsa yana magana, kowa na cewa nasa ne. Ga kuma Tok'ra, jinsi ɗaya da Goa'uld amma da yardar mutum suke zama a jikinsa. Jacob, mahaifin Samantha Carter ta tawagar su Daniel, ciwon daji na neman kashe shi, ya amince wani Tok'ra mai suna Selmak ya shige shi, ya warke. Daga nan ba ka iya cewa duk mai walƙiyar ido maƙiyi ne.

Inda nake jin haushin Stargate shi ne Sha're kanta. Fitowarta ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma kusan duk ciwon ta idon mijinta muke ganinsa. Ita da aka yi wa ƙwacen ba a ba ta bakin da aka ba Picard ba.

Tunda rigimar abokan tafiya ce ka fi damuwa da ita, Stargate zan ce ka ɗauka, ka bi ta daga farko har zango na uku ba tare da tsallake ba, domin nauyin harbin Teal'c yana cikin doguwar tafiyar da ta gabace shi. Na Picard kuwa kashi uku ne a jere, The Best of Both Worlds na ɗaya da na biyu sai Family, dare ɗaya ya ishe ka. Kada ka tsaya a na biyu don ka ga an ceto shi.