Gargaɗi kan masu tallan "takalmin warkar da shanyewar ɓarin jiki"

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda yake jinyar mai shanyewar ɓarin jiki a gida, don Allah ya tsaya ya karanta wannan.

Akwai wasu da ke yaɗa bidiyo a Facebook da TikTok, za ka ga dattijo ya ɗaura wani abu a idon sawu ya miƙe yana tafiya garau. Wai takalmi ne mai maganaɗisu da ke tayar da matacciyar jijiya cikin mako biyu. Sai ka fara tura kuɗi kafin a aiko. Wasu da kuɗin ya shiga shi ke nan, an toshe lambarsu. Waɗanda aka aiko wa kuwa, na ga kayan da idona a ƙafar gwaggona: safa ce mai talewa da ɗan maɗauri, irin wadda 'yan ƙwallo ke sawa in sun yi targaɗe. Naɗe ta za ka yi ka jefa aljihu. Yatsun baiwar Allah suna nan suna jan ƙasa, ga shatin roba ya kwanta mata a fata.

Takalmin gaskiya akwai shi, ma'aikatan asibiti suna ce masa AFO. Roba ce mai tauri da ke farawa daga ƙasan gwiwa ta bayan ƙafa, ta lanƙwasa a diddige ta shiga ƙarƙashin tafin ƙafa, sannan a zura cikin takalmi. Aikinsa ya tallafi ƙafar kada ta riƙa faɗowa, yatsu su daina karo da ƙasa, tuntuɓe ya ragu. Iyakarsa ke nan. Ciwon a ƙwaƙwalwa ya faru, babu abin da za a ɗaura a sawu ya gyara can. Kuma ba a sayensa da ka, domin ƙafar wani sakwaf take, ta wani kuma ta sandare ta karkace ciki, kowacce da irin nata. Sau da yawa sai an ɗauki siffar ƙafar da filasta kafin a ƙera.

Abin da ya fi tayar min da hankali, har cewa suke yi a ajiye maganin asibiti tunda ga waraka ta zo. Subhanallah! Hawan jini shi ne babban abin da ke jawo wannan ciwo, barin maganinsa kuma buɗe ƙofa ne ga ciwon ya sake bugawa karo na biyu. Mai ciwon suga ma abin da ya matse masa ƙafa yana iya yi masa gyambo bai ji ba.

Ku kai majinyacinku sashen fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, su duba tafiyarsa tukuna. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana da sashen da ke ƙera irin waɗannan kayan. Ko na gaskiyar aka ba ku, ku riƙa duba fata duk lokacin da aka cire, in ja ya ƙi ɓacewa bayan kamar rabin awa a koma a gyara. Wanda kuma ya riga ya tura wa mutanen nan kuɗi, ya adana shaidar turawar ya garzaya bankinsa ya kai ƙorafi.