Validator na Archi ko sikirif na jArchi: wanne zai kama maka kura-kurai?

Ɗan'uwa, ka ce modal ɗin bankinku da ke Victoria Island, wato taswirar manhajoji da sabobinku da yadda suke haɗe, ya cika da akwatuna har ba ku san mai rai da matacce ba, kana tambaya ko Validator, mai duba kura-kurai da ke cikin Archi (manhajar da ake zana modal ɗin da ita), ya isa, ko sai ka koyi jArchi, ƙarin da ke ba ka damar rubuta sikirif, wato ɗan gajeren umarni ga kwamfuta. Na yi aiki da duka biyun, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Validator na zuwa da Archi kyauta, danna maɓalli kawai za ka yi. Zai nuna maka alaƙar da ƙa'idar ArchiMate, harshen zanen da Archi ke bi, ba ta yarda da ita ba, akwatin da ba ya cikin kowane zane, zanen da aka bari fanko, da akwatuna iri ɗaya masu suna ɗaya. Nahawun ArchiMate ya sani, wanda The Open Group ta fitar da sigarsa ta 3.2 a 2022. Dokokin gidanku kuwa bai san su ba.

A nan jArchi ke shigowa. Da harshen kwamfuta na JavaScript ake rubuta sikirif ɗinsa, sai ya bi modal ɗin akwati bayan akwati yana tambayar abin da ka koya masa. Ga misali daga aikina. Mun taɓa samun manhajar biyan kuɗi guda ɗaya an shigar da ita sau uku: wani ya rubuta sunan da manyan haruffa, wani ya haɗe kalmomin, wani ya ƙara lambar siga a ƙarshe. Validator ya wuce su shiru, tunda a wajensa sunaye uku ne daban. Sikirif mai 'yan layuka ya mayar da komai ƙananan haruffa, ya cire tazara da lambobi, nan take suka fito jere. Kowacce cikin ukun da nata layukan alaƙa, shi ya sa duk wanda ya tambayi abin da zai tsaya idan sabar ta faɗi yake samun rabin amsa. Wannan ya dame ni ƙwarai, don da wannan modal ake yanke shawarar kuɗi.

Haka kuma tambayoyin da masu bincike ke yi: wace manhaja ce ba ta da mai ita a rubuce? Wacce ce ba a nuna sabar da take zaune a kai ba? Tun da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a 2023, wane akwatin bayanan kwastoma ne ba a yi masa alamar sirri ba? Validator ba shi da bakin amsa ko ɗaya.

Sai dai jArchi na da nasa nauyin. Ba ya zuwa da Archi: ko dai ka tallafa wa masu Archi ta Patreon, shafin tallafin kuɗi, ka samu wanda aka riga aka haɗa, ko ka ɗauko tushensa a GitHub, shafin ajiye tushen manhajoji, ka haɗa da kanka. Kuma shi yana iya gyara da gogewa, Validator kuwa nuni kawai yake yi. Don Allah, sikirif ɗinka na farko ya tsaya ga karantawa da fitar da rahoto, kuma ka adana modal a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canji, ta ƙarin Archi mai suna coArchi kafin ka bar shi ya taɓa komai.

Shawarata: wannan makon ka share abin da Validator ya nuna. Sannan ku zauna da abokan aiki ku amince da dokoki biyar a takarda, kamar yadda za a rubuta suna da wanda ya mallaki kowace manhaja, kafin ka rubuta layi ɗaya. In ka maƙale, ranar Asabar ina Agege, zo da kwamfutarka mu rubuta na farkon tare.