Ryzen 5 5600 da RX 6600: ko haɗin nan ya dace da mai buga gem a Kano?

Amsar a taƙaice ita ce e, ya dace, matuƙar a kan monitar 1080p za ka buga, kuma ba ka yi wa fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, rowa ba. Haɗin da ake magana a kai shi ne furosesa Ryzen 5 5600, katin girafik Radeon RX 6600 mai 8GB, madabod B550, RAM 16GB nau'in DDR4 da SSD mai 1TB. Babu sabon abu a cikinsu. Katin ya fito a Oktoban 2021, furosesan a Afrilun 2022. Abin da ya sa har yanzu suke da daraja a nan shi ne ƙarancin cin wuta. A garin da zafi ke kai digiri 40 a watan Afrilu, kuma galibin wasan dare a kan janareta ko inbata ake yin sa, injin da ba ya shan wuta da yawa ya fi wanda ya ɗara shi da firem goma (hotunan da ake nunawa a daƙiƙa) amfani.

Katin shi ne zuciyar lamarin, kuma a kansa ya kamata kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin akwatin ya tafi. RX 6600 yana cin wat 132, waya ɗaya mai baki 8 yake buƙata. A 1080p yana ɗaukar EA Sports FC, eFootball, GTA V da Mortal Kombat ba tare da gumi ba, yawancin manyan wasannin zamaninsa kuma suna wuce firem 60 a daƙiƙa a saitin sama. Inda yake gazawa a bayyane yake. Idan ka kunna fasahar bin haske da ake kira RT, gudu yana faɗuwa sosai. Sababbin wasanni suna cika 8GB ɗin idan aka kai ingancin zane ƙarshe, sai ka ga hoto yana ɗan tsayawa yana ci gaba. Rage wannan saitin mataki ɗaya yana magance shi. Doom: The Dark Ages na 2025 ya sa RX 6600 a matsayin mafi ƙarancin katin da zai ɗauke shi daga ɓangaren AMD. Wannan ya nuna abu biyu: katin yana cikin layi har yanzu, amma a wutsiyar layin yake.

Wannan wasan kuma, da yake ya wajabta RT, shi ne dalilin da zai sa ka yi tunani kafin ka sayi RX 580 ko GTX 1660 Super, duk da araharsu a kasuwar na hannu. Ba su da RT a jikinsu, don haka wasannin da suka wajabta shi ba za su buɗe ba. RX 580 na 2017 ne, yana cin wat 185, wato ya fi RX 6600 ci amma bai kai shi gudu ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo ma nau'in 2048SP ne da aka yi wa kasuwar Sin, wanda a zahiri RX 570 ne da aka sauya wa suna, kuma galibinsu sun sha aikin haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ya daina haƙa a Satumban 2022. RX 6500 XT kuwa sunansa ne kawai ke kusa da 6600: 4GB gare shi, layukan PCIe (hanyar da kati ke magana da furosesa) huɗu, ba ya iya naɗar bidiyon wasa da kansa. A bar shi. Wanda zai riƙa yaɗa wasansa kai tsaye, ko yana aikin Blender, manhajar zanen 3D, shi ne ya kamata ya ƙara kuɗi ya koma Nvidia, RTX 3060 mai 12GB ko RTX 4060 mai cin wat 115 kacal.

Furosesan ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙwayoyin aiki 6 gare shi, kowace tana ɗaukar layin aiki biyu, yana kai 4.4GHz, kuma ya fi ƙarfin abin da RX 6600 zai nema. Abin lura shi ne 'yan uwansa masu kama da suna. Ryzen 5 5500 da 5600G rabin ma'ajiyar L3 (ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin furosesa) gare su, 16MB maimakon 32MB, kuma a PCIe 3.0 suka tsaya. Shi 5600 ba shi da girafik a cikinsa, saboda haka idan ka soka wayar monita a bayan madabod ba za ka ga komai ba. A jikin katin ake sokawa. Wannan kuskuren kaɗai ya sa an mayar da injuna masu lafiya shago. Idan 5600 ya yi wuyar samu, Core i5-12400F a kan madabod B660 ko B760 mai ɗaukar DDR4 kusan aiki ɗaya yake yi.

A nan ne ya dace a yi maganar "i7". Ana yawan tallata akwatin da aka cika da fitilu masu launi, an rubuta Core i7 da manyan baƙaƙe, ba a faɗi zubi na nawa ba ne. Tambayi cikakkiyar lambar. i7-3770 na 2012 ne, i7-4790 na 2014, dukkansu ƙwaya 4 da RAM DDR3, kuma i3-12100F na 2022 ya wuce su nesa. Ban da haka, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel yake farawa, tare da fasahar tsaro ta TPM 2.0. Haka nan ƙananan kwamfutocin ofis na tokumbo, irin su OptiPlex da EliteDesk sirara: injuna ne masu ƙarko, amma fawa saflai ɗinsu ƙarami ne, bakin wayarsa na kamfanin ne kaɗai, RX 6600 kuma ba zai ma shiga cikin kesin ba.

Madabod ɗin B550 ya fi dacewa saboda RX 6600 layukan PCIe takwas kawai yake amfani da su, kuma B550 ne ke ba shi PCIe 4.0. A kan B450 ko A520 zai yi aiki, asarar kaɗan ce a yawancin wasanni, tana ƙaruwa ne idan 8GB ta cika. Matsalar da ta fi kama mutane ita ce BIOS, manhajar da ke cikin madabod mai tayar da injin. B450 da B550 na farko-farko sun riga Ryzen 5000 fitowa, don haka tsohon bod zai kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Ka sa mai shago ya ɗora furosesan ya tayar a gabanka, ko ka zaɓi bod mai maɓallin sabunta BIOS ta filashi ba tare da furosesa ba, kamar MSI B550M PRO-VDH WIFI. Kada ka taɓa sabunta BIOS a kan wutar KEDCO tsagwaronta. Idan aka ɗauke ana tsakiyar rubutawa, bod na iya ƙin tashi gaba ɗaya. A kan inbata ko UPS ake yi.

RAM sanda biyu ake saya, 8GB sau biyu, DDR4-3200 CL16, ba sanda ɗaya mai 16GB ba, domin sanda ɗaya rabin hanyar take buɗewa. A bod mai gurbi huɗu, gurbi na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sawa. Bayan an haɗa, shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, wanda Asus ke kira DOCP. In ba haka ba RAM ɗin da ka biya kuɗin 3200 zai zauna a 2133 ko 2400. Tun kana ciki, kunna Resizable BAR, mai ba furosesa damar isa ga duk ƙwaƙwalwar kati, da fTPM, wato TPM ɗin da Windows 11 ke nema. SSD kuma NVMe mai 1TB. 512GB yana cika da wuri, tunda Red Dead Redemption 2 shi kaɗai 150GB yake nema.

Sai fawa saflai, inda Kano ta bambanta da ƙasashen da ake rubuta yawancin shawarwarin intanet. Injin nan da monitarsa, ana tsakiyar wasa, bai cika wuce wat 300 daga soket ba, don haka mai wat 550 ko 650 ya isa har da ragi. Lambar da ke jikin kwali ba ita ce abin dubawa ba. Juya shi ka karanta takardar da ke manne a gefensa. Layin 12V shi ke ciyar da kati da furosesa, kuma a nagari kusan duk ƙarfin yana wannan layin: mai wat 550 zai nuna amfiya 45 ko kusa da haka. Wanda aka rubuta wa 600W amma layin 12V ɗinsa amfiya 20 ne, ga shi shafal a hannu, yawanci kyauta ake haɗa shi da kesin, wannan shi ke mutuwa ya tafi da bod da kati. Abu na biyu, duba ƙarfin wutar da yake karɓa. Wanda aka rubuta wa 100-240V yana ci gaba da aiki ko wuta ta zo ba ƙarfi, wanda kuwa aka rubuta wa 200-240V zai riƙa kashe kansa da magariba, lokacin da unguwa ta kunna komai. Corsair CX650 da MSI MAG A650BN misalai ne na masu hatimin 80 Plus Bronze da suka cancanta. Wannan ne ɓangaren da ba a saya na hannu. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Kuma idan na cire-waya ne, kada a sa masa wayar wani fawa saflai ko da bakin ya shiga daidai, domin tsarin wayoyin ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni.

Ƙaramin UPS mai 650VA da ake sa wa kwamfutar ofis ƙasa da wat 400 yake bayarwa, batirinsa ɗaya, ba zai riƙe ka ba sai na 'yan mintoci. Nemi 1200VA zuwa sama, mai daidaita wuta a cikinsa. Wasu fawa saflai na zamani ba sa jituwa da inbata mai araha da ke fitar da wuta mai tsani-tsani. Za ka ji suna ƙara, ko injin ya mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Inbata mai fitar da wuta sumul irin ta layi ita ce maganin. Ga lissafin mai sola: wat 300 na awa huɗu yunit 1.2 ke nan. Batir 12V mai 200Ah, idan rabinsa kawai za a sha don ya daɗe, zai ba da kimanin awa uku da rabi bayan asarar inbata. Idan kesin yana ɗan jan hannu in an taɓa, soket ɗin ne ba shi da wayar da ake binnewa a ƙasa. Mai gyaran wuta za a kira, ba mai kwamfuta ba.

Zafi da ƙura su ne ragowar. Fankar Wraith Stealth da ke zuwa cikin kwalin 5600 tana aiki a ɗaki mai AC, amma a ɗakin da fankar sama kawai ke juyawa a bazara za ta yi ta ihu, furosesan kuma ya rage gudu don kare kansa. Mai sanyaya na tsaye mai fanka 120mm, irin DeepCool AG400 ko Thermalright Assassin X 120, ya wadatar. Na ruwa ɓarnar kuɗi ce a wannan matakin. A cire ledar da ke manne ƙarƙashinsa kafin a ɗora, a ɗiga man furosesa kamar ƙwayar wake a tsakiya. Kesin ya zama mai raga a gaba, ba gilashi rufe ruf ba, da fanka biyu masu shigo da iska a gaba, ɗaya mai fitarwa a baya. Idan iskar da ke shiga ta fi mai fita, ƙura ta tace take bi maimakon ta kutsa ta kowace kafa. A ɗora akwatin a kan tebur, ba kan kafet ba. Da hunturu a wanke tacen duk mako biyu, a hure cikin da bulowa, ana riƙe da fankoki da yatsa kada su yi ta juyawa. Wata dabara ta AM4, wato soket ɗin furosesan nan: ƙafafun a jikin furosesan suke, kuma idan man furosesa ya bushe, mai sanyayar kan fizgo shi daga soket. A bar injin ya ɗumama tukuna, a murɗa a hankali, sannan a ɗaga.

Wajen saye, a Titin Beirut da Farm Centre ana samun RAM, SSD, monita da kesin ba wuya. Kati da furosesa takamaimai sau da yawa sai an yi oda daga Computer Village da ke Ikeja, ko ta intanet, farashin kuma dala yake bi, don haka na makon jiya ba hujja ba ne. Sabon RX 6600 ya fara ƙaranci, mai yiwuwa na hannu za ka samu, kuma a nan gwaji ya zama dole kafin kuɗi ya fita. Tafi da filashi mai manhajojin gwaji GPU-Z, FurMark, HWiNFO da CrystalDiskInfo. GPU-Z ya nuna Navi 23 da 8GB GDDR6. A bar FurMark ya yi minti 15 zuwa 20 kana kallon allo: ɗige-ɗige, layuka masu launi ko ɗaukewar hoto alamar ƙwaƙwalwar katin ta gaji ce. A HWiNFO kwatanta zafin katin da na wurin da ya fi zafi a cikinsa; tazarar da ta haura digiri 25 tana nufin man ya bushe ko an taɓa buɗe shi ba a mayar daidai ba. Duba sukurorin baya ko sun sha sukurudireba, ka gwada kowane bakin HDMI da DisplayPort. CrystalDiskInfo zai faɗi awannin da SSD ya yi yana aiki, ko da an ce maka sabo ne dal. Sannan a rubuta lambar jikin kowane kaya a rasit tare da kwanakin garanti, domin garantin baki ba ya zuwa ko'ina.

Monitar da ta dace da wannan haɗin inci 24 ce, 1080p, IPS, 144Hz ko 165Hz mai FreeSync. A haɗa ta da DisplayPort, sannan a shiga saitin allo na Windows a zaɓi 144Hz da hannu, don sau da yawa a 60 take farawa. Nan gaba idan kuɗi ya samu, bod ɗin zai ɗauki Ryzen 7 5700X3D da kati mafi girma, amma kusan iyakar AM4 ke nan. Wanda yake son soket mai sauran shekaru a gaba sai AM5, kuma can dole ne ya sayi DDR5.