Tebur tsakar ɗaki ko kanta jikin bango? Amsa ga mai tambayar shimfiɗa layin ƙaramin jirgi

Salamu alaikum jama'ar gida. Ɗan'uwanmu na Mabera ya aje tambaya shekaranjiya, wai yayanai ya kawo mashi saitin ƙaramin jirgin ƙasa irin HO (sunan wani ma'aunin girman ƙananan jirage ne) daga Amurka, kan jirgi guda da tarago biyar da 'yan layukka, kuma shina da ɗaki ƙafa 12 da ƙafa 10 da ba komi ciki sai katifa da buhunnan littattafai. Tambayar ita ce, shi sa kafinta shi yi mashi tebur da filawud guda jirgi shi dinga zagaye, ko ko shi bi bango da kanta awa yadda ya gani a YouTube. Na ga an ba shi amsa biyu ukku dut gajeru, to ni na yi duka biyun, guda na yi nadama guda ina bisa kai har yanzu, bari in baje maka su ƙanena ka zaɓa da kanka.

Mu fara da lissafin wuri don nan ne mutane ka ruɗewa. Filawud guda ƙafa 4 ne da ƙafa 8, in ka gane shi jingine wurin 'yan katako sai ka ce ai wanga ba shi da wani girma. Amma tebur ba shi kaɗai ka zama ɗaki ba, kai ma sai ka samu inda za ka tsaya. Hannun mutum in shina tsaye bai wuce inci 30 da zai miƙa shi yi aiki, in ma son samu ne inci 24, tebur ko faɗinai inci 48, ke nan dole ka bar hanya ta ɓangare biyu da kuma kai guda, ko da ƙafa bibbiyu ne. Haɗa ka gani: ƙafa 8 da ƙafa 10 sun tafi, cikin ɗakin da dut dut 12 da 10 ne. Kashi biyu cikin ukku na ɗakin ya zama na jirgi, katifa sai dai ta koma zaure. Kanta ko, in ka yi ta faɗin inci 18 ka bi bango biyu, dogon da gajeren, abin da za ta ci wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne, kuma ƙarƙashinta fili ne, buhunnan littattafan nan su shige, tsakar ɗaki na nan ka shimfiɗa darduma ka yi salla.

Abin da ya ba ni mamaki lokacin da na zauna da biro, tsawon layin kusan ɗaya ne. Zagaye guda bisa filawud ƙafa 19 ne da 'yan kai. Kanta bango biyu ƙafa 20 ko kusa. Wato dut ɗakin da tebur ya cinye bai ƙara maka ko taku ɗaya na layi ba. HO ma'anarsa an rage jirgin gaske sau 87, to ƙafa 19 sau 87 rabin kilomita ne kacal, jirgin da ka gudun kilomita 50 a awa cikin daƙiƙa 36 ya dawo inda ya taso. Ka riƙe wagga daƙiƙa 36 ɗin, za mu dawo gare ta.

Ni tebur na fara yi, kuma wayo ya sa na tura shi jikin bango don in samu fili. Sati biyu lafiya lau. Ran nan tarago guda ya sauka layi can kwanar baya, daidai lungu, na miƙa hannu ban kai ba, na ɗora ciki bisa tebur na miƙe, hannun riga ya kwashe tashar kwali da na kwana ukku ina mannawa da gam, ga tankin ruwa na gwangwanin madara ya gangara ƙasa, yara na dariya. Tun ran nan na gane jirgi bai sauka layi sai inda hannu bai kai, kamar da gayya.

Sai maganar kwana, wato lanƙwasar layi. Yadda aka auna ta, ka kafa ƙusa ka ɗaura igiya ka ja da'ira, tsawon igiyar shi ne girman kwanar. Layukkan da ka zowa cikin kwalin saiti na HO galibi inci 18 ne, ka duba bayan guda za ka gani rubuce. Mafi girman da filawud ka ɗauka inci 22, shi ma layi na dab da baki, jirgi in ya kauce sai siminti. Gajerun tarago na kaya ba ruwansu, suna bin 18 lafiya. Amma ranar da ka yi sha'awar dogon tarago na fasinja, wanda a HO ya kusa ƙafa guda, za ka ga cikinai ya leƙo waje a kwana, ƙugiyar da ka haɗa su tana ja gefe, wani lokaci ta fizge na baya ta kada shi. A kanta kwana guda ɗai gare ka, ta lungun ɗaki, kuma babu mai hana ka buɗe ta inci 24 ko 30, sai dai ka ɗan faɗaɗa katakon lungun. Nan kanta ta yi ma tebur nisa.

Inda tebur ya fi, kuma ba zan ɓoye ba, jirgi na tafiya ba tsayawa. Ka kunna ka koma ka zauna da kofin shayi, shina ta zagaye, ƙarar ƙafafunai bisa mahaɗar layi na tashi ƙas-ƙas-ƙas, baƙo ya shigo ya gani nan take ya gane mi ne ne. Yara ko ba a magana, ɗan shekara biyar ba ruwanai da wani tsari, shi dai jirgi shi wuce shi ɗaga mashi hannu. Kuma saitin da ke hannunka don zagaye anka yi shi, yau in ka so ka haɗa, ba ka sayen komi. Kanta ba ta ba ka wanga. Jirgi zai taso wanga kai shi isa wancan kai shi tsaya, dole kana tsaye da abin sarrafawa a hannu, in ka yi sakaci shi daki ƙarshe. Kuma sai ka sayi mararraba, wato layin nan mai harshe da ka karkatar da jirgi zuwa wani layi, aƙalla huɗu ko biyar, ga shi ba a samunsu kasuwa nan, sai oda ta intanet ko saƙo hannun mai zuwa, da canjin dala yadda yake.

To amma daƙiƙa 36 ɗin nan. Babba in ya kalli jirgi ya wuce gaban tasha guda sau arba'in, ran na ukku ya ƙoshi. Nawa tebur wata huɗu ya yi ya koma wurin aje kayan guga. Kanta aiki taka ba ka, don jirgin gaske ma ba zagaye shika yi ba, daga wani gari shika tashi zuwa wani. Mu nan Sakkwato dogo bai taɓa isowa ba, reshen da ya taso Zariya ya biyo Funtuwa da Gusau a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, a da gyaɗa da auduga da fatu sai dai a kai su can. To ka ga tsari a hannu: bango guda Gusau, bango guda Ƙaura, ƙarshen layi na gaskiya. Jirgi ya iso Ƙaura, kan jirgi shi saki tarago, shi bi layin gefe shi kewayo bayansu, shi tura na gyaɗa bakin sito, shi ɗauko wanda anka cika, shi haɗa shi juyo. Wanga kaɗai sai ka yi minti ashirin ba ka sani ba. Layin gefen nan na kewayowa shi ne zuciyar tasha, mararraba biyu shika ci, kuma ka tabbata tsawonai ya ɗauke taragonka biyar ɗin duka, tarago guda kamar inci 6 ne da ƙugiya, ke nan inci 30 ko sama, ka kuma bar wurin da kan jirgi zai shige gaba kafin shi juyo. Ni na farko da na yi na rage inci biyu, sai da na ɓalle na sake.

In ma kuɗin mararraba sun yi yawa, akwai wani tsari da wani Bature ɗan Ingila Alan Wright ya fito da shi, ana ce mai Inglenook. Mararraba biyu ɗai, layukka ukku, guda na ɗaukar tarago 5 biyu na ɗaukar 3-3, tarago 8 gaba ɗaya. Ka rubuta sunayensu a 'yan takardu ka zuba hula ka zaro biyar, aikinka ka jera waɗanga biyar bisa yadda sunka fito. Jeri 6,720 ka iya fitowa. Kanta ƙafa 6 zuwa 7 ta ishe shi a HO. Wasa ne awa dara, na ga dattijo ya zo kallo ya ƙi tashi har anka kira magariba.

Yanzu abin da masu bidiyon Turai ba za su gaya maka ba, ƙura. Jirgin nan wuta shika sha ta layi zuwa ƙafafu, ƙura 'yar kaɗan ta shiga tsakani sai shi fara tsayawa shina fizga, fitilarsa na ƙyaftawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka san yadda hunturu ka yi muna, ka share da safe da la'asar ka rubuta sunanka bisa tebur. Filawud ƙafa 32 murabba'i ne a buɗe, rufe shi sai da leda ko zanen gado, kuma dut ɗagawa sai ya tafi da itace ko sandar fitila. Kanta ko, ka sa wata kanta bisanta, ka saki labulen leda mai kauri ta gaba, shi ke nan ta zama akwati. Sharar layi kuma tsumma da sifirit na kemis, kar ka kusanto da samfefa, tana karce ƙarfen datti shi ƙara samun wurin zama. A kanta ko'ina hannu na kai, minti biyar ka gama.

Zafi duka biyun shika taɓawa. Na shimfiɗa layi cikin sanyin Janairu na matse mahaɗa ƙam ba sarari, Afirilu na yi, ɗaki mai rufin kwano ana sama da digiri 40 waje, sai ga layi ya yi goho a tsakiya awa maciji. Ƙarfe ya miƙe, katako ko ya bushe ya tsuke. Ka dinga barin sarari kaurin katin waya a mahaɗa nan da can, kuma ka shafe katakon da fenti ko banish ciki da waje kafin ka ɗora komi, saboda damina in ta zo kumbura shika yi. Gara kuma ta fi samun tebur, ƙafafunai na ƙasa. Kanta bisa ƙarfen mai walda take, amma ka leƙa bangon kanshi in na ƙasa ne.

Wuta ba ta da bambanci tsakaninsu, sai dai tunda daga Amurka kayan sunka zo, don Allah kafin ka soka komi ka karanta jikin taransifomar. In ka ga 120V kaɗai, tamu 230 ce, sai da sitef-dawun, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. In an rubuta 100-240V to ba matsala. Jirgin kanshi wajen bolt 12 shika ci kuma ba shi da ci, ƙaramar inbata ta sola na ɗauke shi. Abu guda da zan ja kunnenka, kar ka yi sha'awar lanƙwaso layi shi dawo shi shiga kanshi don jirgi shi juyo, a layi mai ƙarfe biyu hakan haɗe wuta shika yi, sai an yanke an sa wata na'ura. Haka ma gada, jirgi shi hau bisa wani layi: hawa mai kyau santimita 2 ne cikin mita guda, kafin ka samu tsayin da jirgi zai wuce ƙasa ka ci ƙafa 14 ko fi, a filawud guda dole hawan shi yi tsauri, kan jirgi shi dinga tirje da tarago ukku. Bar shi sai gaba.

Wani ya ce maka ka koma irin N, wanda bai kai HO girma ba. Gaskiya N, da anka rage sau 160, layinai milimita 9 maimakon 16.5 na HO, zagayenai na hawa bisa ƙyauren ƙofa guda ka jingine shi bango in ka gama, kuma na Japan irin na Kato da Tomix suna kwaikwayon jirage masu faɗin layi milimita 1,067, daidai da tsohon dogonmu. Amma ƙura ta fi cutar shi, ƙafafun ƙanana ne, ɗora tarago bisa layi ma sai da tabarau in ido ya fara gajiya, kuma HO ɗin kyauta ka same shi. Ban ga dalili ba.

Ni dai da ɗakinka nawa ne kanta zan yi, tsayinta daidai ƙirji in ina zaune bisa kujera mai tsawo, in fara da bango guda ɗai. Zagayen da ya zo cikin kwali in bar shi yadda yake, ran Juma'a in yara sun taru in haɗa masu bisa tabarma awa guda in naɗe. In ko don yaran ne kacokan kaka yi, to yi tebur, amma ka sa mashi taya ka iya jawo shi daga bango.

Kafin ka kira kafinta ka samu alli ka zana duka biyun a simintin ɗakin da girmansu na gaskiya, ka jera taragon bisa zanen, ka yi kwana biyu kana shiga kana fita ka ji inda ƙafarka ka tuntuɓe. Kuma ba ka gaya muna ba, ƙofar ɗakin ciki taka buɗewa ko waje, kuma taga na wane bango? In tana bangon ƙafa 12 ɗin sai mun sake lissafi, turo hoto.