Zaman CBT ta bidiyo kan ciwon firgici: ku sani ba lallashi suke yi ba

Na kammala zaman CBT, wato magani ta hanyar tattaunawa da atisaye don gyara tunani da ɗabi'a, da nake yi ta bidiyo da wata masaniyar halayyar ɗan'adam kan firgicin nan da ke taso wa mutum haka kawai babu dalili, wanda likitoci ke ce wa panic attack, shi ne na ce bari in faɗi yadda na ga aikin masu shirya zaman saboda masu tunanin shiga. Aikin ya yi, gaskiya, amma ba irin yin da yawancinmu muke zato ba, in dai kina neman wadda za ta dinga ce miki sannu, yi haƙuri, kwantar da hankalinki, to fa ba nan ba ne.

Rajista ba wuya, a manhajarsu ake yi. Za ki cike wani fom mai tambaya 7 da ake kira GAD-7, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimla 21, kuma lokaci lokaci ana sake cike shi don a ga ko makin na sauka. Abin da ya fara burge ni shi ne kafin a ba ni rana sai da aka tambaye ni ko likita ya taɓa duba zuciyata, ko an yi min ECG, gwajin bugun zuciya da na'ura, ko an gwada tayirod ɗin nan na wuya, domin shi ma in aikinsa ya yi yawa yana kawo bugun zuciya da rawar jiki sak irin na firgici. Da a ce ban yi ba sai na je na yi tukuna. Wannan ya sa na yarda da su, don ba kowa ne zai ga kwastoma a hannu ya ce je ki dawo ba.

Zaman farko bayani ne zalla kuma shi kaɗai ya rage min rabin tsoro. Malamar ta zana min wani da'ira a sikirin: zuciya ta ɗan buga da ƙarfi, wataƙila don kin hau bene ko kin sha kofi ko ba ki samu barci ba, sai ƙwaƙwalwa ta ce shi ke nan ciwon zuciya ne, jiki ya saki adirenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki in an tsorata, bugun ya ƙaru, numfashi ya yi sama sama, ke kuma ki ɗauki wannan ƙarin a matsayin shaida cewa lallai mutuwa ce ta zo, haka abin zai yi ta juyawa yana ciyar da kansa. Ta ce wani masani ɗan Ingila, David Clark, shi ya tsara wannan bayanin a 1986, ita kuma CBT ɗin kanta Aaron Beck ne ya kafa tubalinta a Amurka tun shekarun 1960. Jirin nan da yatsu da gefen baki da ke yin tsami kuwa, wanda ni shi ya fi tsorata ni, ashe ba ƙarancin iska ba ne, yawan numfashi da sauri ne ke fitar da kabon dayoksaid daga jini fiye da kima. Kuma abin yakan kai ƙololuwa ne cikin kamar minti 10 sannan ya fara sauka da kansa, ko kin yi wani abu ko ba ki yi ba.

To inda aikin yake shi ne a nan. Bayan mun ɗan saba sai ta ce yau mu za mu kira abin da kanmu. Na ce Malama kamar yaya? Ta ce in zauna daidai gaban kamara in dinga jan numfashi da ƙarfi da sauri na minti ɗaya, ita tana duba agogo. Wallahi kafin rabin lokacin ɗakin ya fara juya min, tafin hannuna ya jiƙe, zuciya na dukan uku uku, na miƙa hannu zan ɗauko robar ruwan da ba na rabuwa da ita sai ta ce a'a, ajiye robar nan, zauna da abin, daga 0 zuwa 10 nawa kike ji? Na ce 8. Ta yi shiru tana kallona kawai, babu sannu babu komai, har na ji haushinta a raina. Can ta sake tambaya na ce 5, can 3. Sai ta ce to me ya saukar da shi tunda ba ki sha ruwan ba?

Wannan tambayar ita ce duk maganin in kun lura. Robar ruwa, zama kusa da ƙofa, taɓa jijiyar wuya ana ƙirga bugun zuciya, ƙin fita sai da rakiya, duk muna ɗauka su ke cetonmu alhali su ne ke hana ƙwaƙwalwa ta gane cewa da ma babu abin da zai faru. Daga baya mun yi na juyawa a kujera don kawo jiri, da numfashi ta siririn bututun shan lemo, da hawa bene da gudu, sannan aikin gida na shiga wuraren da na daɗe ina gudu kamar cunkoso da lif. Ba daɗi, ko kaɗan ba daɗi, akwai ranar da na yi ta neman dalilin da zan ɗage zama. Amma yanzu in na ji ya taso ba na tashi tsaye a firgice, ina iya ci gaba da maganar da nake yi.

Motsa numfashi a hankali ma ta koya min amma ba ta zuzuta shi ba kamar yadda ake yi a bidiyoyin intanet, ta ce yana da amfani wajen damuwar yau da kullum, sai dai in na mayar da shi abin da dole sai na yi kar in mutu to ya zama wata robar ruwan ke nan.

Sai abin da bai min ba. Na farko netwok, wannan ba laifinsu ba ne kacokan amma ki yi tunanin kina tsakiyar jiri hoton Malama ya daskare baki buɗe, ya kamata a ce suna da tsarin kira ta waya nan take in bidiyo ya yanke, ba sai ke kin yi ta fita kina shiga ba. Na biyu takardun aikin gida duk da Turanci ne kuma Turancin mai nauyi, wanda karatunsa bai yi zurfi ba zai sha wuya ko ya haƙura. Na uku in kin tura saƙo tsakanin zama da zama amsa ba ta zuwa da wuri, sun dai faɗa tun farko cewa su ba sashen gaggawa ba ne, amma mutum in yana cikin hali mantawa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan damuwa iri iri, har da irin wannan, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani, to in ana so a kai ga sauran ai dole a sauƙaƙa harshe.

Maganar magani kuwa ita ba ta rubutawa, wannan aikin likita ne, amma ba ta kushe shi ba. Ta yi min bayani cewa irin su sertraline suna ɗaukar makonni kafin a ji aikinsu kuma a farko wasu har damuwar kan ɗan ƙaru, su kuma irin diazepam da ke kwantar da mutum nan da nan jiki na sabawa da su, bari ya zama wahala, don haka kar wanda ya sha don wani ya ce ya yi masa. Kofi da lemon ƙara kuzari ta ce in rage, na rage kuma na ga bambanci musamman da dare.

Zan ba su tauraro 4 cikin 5. Wanda ya ji ciwon ƙirji karon farko asibiti zai nufa ba manhaja ba, haka wanda tunanin cutar da kansa ke zuwa masa, shi ganin likita ido da ido yake buƙata kuma da gaggawa. Sauran kuma ku tanadi abin sa wa a kunne da ɗakin da za ku iya kullewa na kusan awa guda, don ranar atisayen numfashin nan duk wanda ke bakin ƙofa sai ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya.