Hattara da masu sayar da madarar da ba ta lalacewa

Jama'a, a yi hattara da masu kawo madara har ƙofar gida suna rantsuwa cewa zalla ce, alhali babu jami'in lafiya ko ɗaya da ya taɓa leƙa inda suke tatsa ko inda suke ɗurawa. Da farko sukan yaɗe man da ke saman madarar su sayar daban, sannan su tsuga ruwa. Da ta tsinke sai a kaɗa sitaci don ta yi kauri, wasu har da garin sabulu don ta yi kumfa. Ruwan nan kuwa ba wanda ya san inda aka ɗebo shi, ga gudawa, ga taifot.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin hana lalacewa. Ɗanyar madara ta gaskiya, in ta wuni cikin zafi babu firji, dole ta yi tsami. In ka ji mai sayarwa yana alfahari cewa tasa takan kwana biyu a waje lafiya lau, to ka tambayi kanka me aka zuba mata. Wasu soda suke sakawa don kashe tsamin. Wasu kuma fomalin, ruwan nan da ake adana gawa da shi, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarinsa cikin abubuwan da ke haddasa daji. Wannan ake ɗura wa yara da safe!

Kada a ɗauka ƙananan 'yan talla ne kaɗai ke wannan algus. A 2008 a ƙasar Sin an gano sinadarin melamin, wanda ake haɗa roba da shi, a madarar jarirai ta kamfanin Sanlu da wasu kamfanoni. An zuba shi ne don madarar da aka sirka da ruwa ta tsallake gwajin furotin. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da matsalar ƙoda, 6 suka rasu.

Sai batun lasisi, inda ake yaudarar mutane da dama. Za a nuna maka hoton takarda a waya mai hatimi da sa hannu, amma in ka duba da kyau, ko wa'adinta ya ƙare, ko sunan wani ne, ko adireshin wani wuri daban. Ka karɓi lambar, ka tambayi ofishin lafiya na yankinku ko sun san ta. Lasisin gaskiya yana nufin dubagari na zuwa ya ga lafiyar shanu da tsaftar mazubi, ya tabbatar ana dumama madarar a zafin digiri 72 a ma'aunin Selsiyus na sakan 15, abin da ke kashe ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na burusela, cutar da ke sa shanu ɓari, mutane kuma zazzaɓi.

A gida kana iya tafasa madara kaɗan, ta huce, ka ɗiga mata aidin. In ta koma shuɗiya, akwai sitaci. Amma wannan gwajin ba ya kama fomalin ko melamin, sai ɗakin gwaji. Saboda haka in ka yi zargi, kada ka zubar da sauran. Zuba ta a kwalba mai tsabta, rubuta ranar da ka saya da wanda ya sayar maka, sa a firji, ka kai wa jami'an lafiya tun kafin ya sake unguwa.