Akwatin banda na mai walda: kifi ya ji daɗinshi, sosej sai da lura

Akwatin bandar da wani mai walda nan Birnin Kebbi ya haɗa min, in dai kifi za ka busar to ba ni da ta cewa, ya yi. Amma ni don sosej na saye shi, na naman sa wanda ake ɗurawa cikin hanjin rago, kuma nan ne aikin ya sha bamban.

Tsayinshi kamar ƙaramin firij, raga hawa huɗu, sandunan ratayewa daga sama, aljihun garwashi daga ƙasa, sai bututun hayaƙi mai marfi. Abin da na yaba mishi baƙin ƙarfe ya sa, bai sa kwano mai ƙyalli irin na rufin ɗaki ba, don wancan in ya sha wuta tiririn zinc (ƙarfen da anka shafe shi da shi) yake fitarwa, mai cutarwa. Kuma sabon faranti ne, ba tsohon duro ba wanda ba ka san ko maganin feshi anka zuba cikinai ba.

Matsalar ita ce wutar tana ƙarƙashin naman kai tsaye. Tarwaɗa ko ragon ruwa na Yauri ba ruwansu, zafi suke so. Sosej kuwa lallaɓa shi ake, ka fara wajen digiri 55 na ma'aunin Celsius har fatar ta tsane ta kama hayaƙi, ka riƙa ɗagawa sannu sannu zuwa 75 ko 80, har cikin naman ya kai digiri 71, in na kaza ne 74. To wanga akwati da ka ƙara gawayi kaɗan ya haura 100, kitsen da ka sa (wajen kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ake so) ya narke ya ɗiga kan garwashi wuta ta tashi, ka fiddo abu a yamutse babu maiƙo. Sai da na sa ya ƙara faranti tsakanin wuta da raga, ni kuma ina aje tasar ruwa bisa, sannan ya natsu. Ƙofar ma tana yoyon hayaƙi ta gefe, amma wannan da sauƙi.

Agogon zafin da ke jikin ƙofa kuwa ado ne kawai wallahi, iskar bakin ƙofa yake aunawa. Ka nemi mai tsinke da ake sokawa cikin nama.

Akwai abin da babu akwatin da zai maka shi komai tsadarshi. Niƙaƙƙen nama da anka ɗura cikin hanji babu iska a ciki, ga ɗumi na awoyi, wurin da ƙwayar botulism ke so ke nan, kuma gubarta ba lallai ka ji wari ko canjin ɗanɗano ba, shanye jiki take yi har numfashi. Shi ya sa ake sa gishirin nan ruwan hoda, Prague Powder #1, mai sodium nitrite kashi 6.25 cikin ɗari. Giram 2.5 ga kilo ɗaya na nama, da sikelin dijital, ba da cokali ko ƙiyasin ido ba, don in ya yi yawa shi ma guba ne. Gishirin Himalaya da ake saidawa a manyan shaguna launi kawai sunka haɗa, kanwa ma ba ta wannan aikin. Gishirin miya kuma daban za ka sa, wajen giram 15 zuwa 18 ga kilo ɗaya na nama. Ka cuɗa naman yana da sanyi ƙarara, ya kwana a firij, ka san zafinmu na Afrilu da Mayu yana wuce 40. In ya nuna ka tsoma a ruwan ƙanƙara ya koma firij, kar ka bar shi a kwano cikin ɗaki.

Itace na mangwaro busasshe nake ɗorawa kan gawayin, dogon yaro ɗaci yake sawa, katako mai fenti ko leda wajen hura wuta kar ma a fara.

In za ka sa a haɗa maka, ce ma mai walda ya fidda aljihun wuta gefe guda hayaƙi ya bi ta bututu ya shiga, ya sa ƙofar iska da za ka iya ragewa. Na lantarki irin Masterbuilt sun fi riƙe zafi daidai, sai dai na kasuwar Amurka bolt 120 ne namu 230, ga shi aikin yana cin awa biyar ko shida, in ba sola gare ka mai ƙarfi ba ka tsaya ga na gawayin.